Castlereagh: ɗan sarautar Ayalan da ya rufe majalisar ƙasarsa

Tambaya: Malam, a wani darasin tarihi na ji an ce ƙasar Ayalan ta taɓa samun majalisar dokokinta a Dublin, sai 'yan majalisar da kansu suka kaɗa ƙuri'ar rushe ta a 1800, kuma wai ɗan ƙasar ne ya ja ragamar aikin. Wane ne wannan mutum? Sayar da ƙasarsa ya yi?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne. Sunan mutumin Robert Stewart, amma duniya ta fi saninsa da laƙabin sarautar gidansu, Lord Castlereagh, ana furta shi kamar "Kasulre". Game da sayar da ƙasa kuwa, bari in faɗa maka matsayina tun daga farko, sannan in kawo hujja. Ban yarda ya sayar da Ayalan don aljihunsa ba. Laifinsa a wurina shi ne ya karɓe majalisar da fatan wani abu da ya sa wa mafi yawan 'yan ƙasar a rai, alhali mabuɗin wannan abu ba a hannunsa yake ba. Ya karɓi kaya, ranar biya ta zo, wanda ya aike shi ya ƙi biya.

An haife shi a Dublin ranar 18 ga Yuni, 1769. Gidansu yana arewa, a gundumar Down, wani katafaren gandu a bakin ruwa da ake kira Mount Stewart. Dukiyar gidan ta fito ne daga kakarsa, wadda ta gaji ɗan'uwanta Robert Cowan, tsohon gwamnan Bombay a Indiya. Da wannan kuɗi aka sayi ƙasa, ƙasa ta kawo aure a manyan gidajen Ingila, aure ya kawo sarauta. Mahaifiyarsa 'yar gidan Hertford ce, ta rasu yana ɗan shekara ɗaya. Matar da ta riƙe shi kuma 'yar Lord Camden ce. Riƙe sunan Camden ɗin nan, zai dawo.

Kafin ka gane shi sai ka gane majalisar. A wancan lokaci mutanen Ayalan sun kai miliyan 5, kusan kashi uku cikin huɗu 'yan Katolika ne. Amma tun 1703 ƙasar noman da ta rage a hannunsu ba ta wuce kashi 14 cikin 100 ba, sauran an ƙwace an ba baƙi Furotesta daga Ingila da Sikotilan. Ɗan Katolika ba ya zama ɗan majalisa, kuma har zuwa 1793 ko ƙuri'a ba shi da ita. Majalisar wakilan tana da kujeru 300. Guda 64 ne na gundumomi 32, inda ake ɗan yin zaɓe na gaske. Biyu na jami'ar Trinity ne. Sauran 234 na ƙananan garuruwa ne, kuma mafi yawansu mallakar wani mai gandu ne, shi ke naɗa wanda ya ga dama, yana iya sayar da kujerar kamar yadda ake sayar da gona. Akwai garin da masu zaɓensa ba su wuce mutum goma sha uku ba. A 1782, da ƙoƙarin wani ɗan majalisa, Henry Grattan, majalisar ta sami 'yancin yin doka ba tare da Landan ta tace mata ba. Sai dai gwamnatin da ke zaune a fadar Dublin ba majalisa ke naɗa ta ba, wakilin sarki da babban sakatarensa daga Landan ake turo su. Wato majalisar tana da baki, ba ta da hannu.

Mutanen gidan Stewart asalinsu 'yan cocin Presbyterian ne, su ma Furotesta, amma ba na cocin gwamnati ba, don haka su ma sun ɗanɗana wariya. Shi ya sa a 1790, da saurayi Robert ya fito takarar Down yana ɗan shekara 21, masu neman sauyi na Belfast da kewaye suka ɗauke shi nasu. Abokin hamayyarsa gidan Lord Downshire ne, wanda ya saba rabon kujerun gundumar yadda ya so. Masu zaɓe a gunduma su ne mazan da ke riƙe da ƙasar da ke ba su ribar sule arba'in a shekara, kuma ba a ɓoye ake zaɓe ba, mutum zai tsaya ya faɗi sunan gwaninsa mai gandunsa na sauraro. An shafe makonni ana wannan zaɓe, ana ɗauko mutane daga ƙauyuka, ana ciyar da su, ana shayar da su. Adadin da ake yawan ambata na abin da mahaifinsa ya kashe shi ne fam 60,000, har aikin ginin gidansu ya tsaya cak shekara da shekaru. Ya ci kujerar bisa alkawarin zai goyi bayan gyaran majalisa. Cikin waɗanda suka yi masa hidimar zaɓen akwai wani ɗan kasuwar Belfast, Samuel Neilson.

To, me ya juya shi? Faransa. Ya je can a 1791, ya ga juyin juya hali da idonsa, ya saurari muhawarar majalisarsu a Paris. Bai raina abin ba, amma ya dawo da tsoro a zuciya. Bayan an sare kan sarkin Faransa a Janairun 1793 aka kuma shiga yaƙi, sai ya karkata gaba ɗaya wajen firaministan Birtaniya William Pitt. Ya dai goyi bayan dokar 1793 da ta ba 'yan Katolika ƙuri'a, wannan ra'ayin bai taɓa sakinsa ba. A 1794 ya auri Lady Emily Hobart, kuma a shekarar Pitt ya samar masa kujerar Tregony a majalisar Landan, ya zama yana da ƙafa a majalisu biyu. A 1795 ɗan'uwan matar ubansa, Lord Camden ƙarami, ya zo Dublin a matsayin wakilin sarki. Ƙofa ta buɗe.

Su kuma tsofaffin abokansa sun bi wata hanya. A 1791 suka kafa ƙungiyar United Irishmen a Belfast tare da wani lauyan Dublin, Wolfe Tone, burinsu a haɗa Katolika da Furotesta a ƙarƙashin suna ɗaya. Da gwamnati ta haramta su, suka koma ƙarƙashin ƙasa, suka nemi taimakon Faransa. A Satumbar 1796 Castlereagh da kansa ya jagoranci kamen shugabanninsu a arewa. Neilson na cikin waɗanda aka kama. Akwai wani yaro ɗan shekara 18, Charles Teeling, wanda daga baya ya rubuta yadda nasa kamun ya kasance. Suna kan doki shi da mahaifinsa a Lisburn, sai ga Castlereagh, sananne ne a gidansu. Ya gaishe su da fara'a, suka jera ana hira. Sai da suka iso ƙofar wani babban gida, uban zai wuce, sannan ya ce masa ya yi haƙuri, ɗansa ba zai bi shi ba, ana tuhumarsa da cin amanar ƙasa. Wannan ladabi mai sanyin ƙanƙara shi ne abin da mutanen arewa ba su yafe masa ba. Da tsawa ya yi musu, wataƙila da zafin bai kai haka ba.

Amma kada mu ɗauka tsoron nasa na banza ne. A Disambar wannan shekara jiragen Faransa ɗauke da sojoji wajen 14,000 suka iso gaɓar Bantry a kudu. Guguwa ce kawai ta hana su sauka. Daga ranar ya ƙudurta a ransa cewa Ayalan ita ce ƙofar baya ta Birtaniya, kuma majalisar 'yan tsiraru da ke Dublin ba za ta iya tsare ta ba.

A Maris 1798 babban sakatare Thomas Pelham ya kwanta ciwo, aka ɗora Castlereagh a kujerarsa, yana ɗan shekara 28. Wata biyu bayan haka, ranar 23 ga Mayu, tawaye ya ɓarke. An gwabza a Wexford, an gwabza a Antrim, an gwabza a Ballynahinch cikin gundumarsa, inda manoman Presbyterian, irin waɗanda suka zaɓe shi, suka fito da masu a hannu suka tari igwa. Janar Humbert ya sauka da 'yan sojojin Faransa a Killala cikin Agusta, aka murƙushe shi a Satumba. Ƙiyasin waɗanda suka mutu cikin waɗannan 'yan watanni ya fara ne daga 10,000, wasu suna kai shi 30,000. An yi bulala don tatsar bayani, an ƙona gidaje, an rataye mutane bayan shari'ar soja ta 'yan mintoci. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Rabaran James Porter, limamin cocin Greyabbey, maƙwabcin Mount Stewart. Ya taɓa rubuta wasiƙun ba'a a jaridar Northern Star yana zolayar mahaifin Castlereagh. Matarsa ta kwashi 'ya'yanta ta je ƙofar gidan roƙon a bar mijinta da rai. Ranar 2 ga Yuli aka rataye shi a inda ake hango gidansa da cocinsa. An fi ɗora alhakin wannan a kan uban, amma ɗan ne babban sakatare.

A ɗaya ɓangaren, adalci ya sa in ce shi da sabon wakilin sarki, Lord Cornwallis, sun yi ta ja da masu neman a zubar da jini har sai sun gaji. Sun fitar da afuwa ga talakawan da suka ajiye makami. Sun yi yarjejeniya da shugabannin da ke kurkukun Kilmainham, su bayyana tsarin ƙungiyarsu ba tare da ambaton sunan kowa ba, a sauya musu rataya da gudun hijira. Ta haka Neilson ya tsira da wuyansa. Masu tsattsauran ra'ayi a Dublin ganin mai sanyin hannu suke yi wa Castlereagh, mutanen karkara kuma suna ganinsa da jini har gwiwar hannu.

Yanzu mu zo ga ainihin tambayarka. Pitt ya yanke cewa maganin abin shi ne a haɗe majalisun biyu, aka ɗora wa Castlereagh aikin shigar da ƙudurin. Lissafinsa kuwa mai sauƙi ne. Muddin majalisa tana Dublin, Furotesta ba za su taɓa barin ɗan Katolika ya shigo ba, don sun san ranar da aka buɗe ƙofa za a rinjaye su, a tayar da maganar ƙasar da aka ƙwace. In kuwa aka haɗe da Birtaniya, 'yan Katolika za su zama tsiraru a babbar majalisa, ba wanda zai ji tsoron ba su haƙƙinsu. Da wannan hujja aka je wa limaman Katolika, babban limaminsu na Dublin, John Thomas Troy, ya mara wa haɗewar baya. Ba a rubuta musu alkawari ba. An dai bar su su fahimta, kuma da gangan aka bar su. Wani abin da zai ba ka mamaki, cikin masu adawa da haɗewar akwai masu tsananin ƙin Katolika, irin su kakakin majalisa John Foster da rassa da yawa na ƙungiyar Orange ta Furotesta, su tsoron rasa riƙonsu suke yi. Akwai kuma wani matashin lauya ɗan Katolika, Daniel O'Connell, wanda jawabinsa na farko a bainar jama'a, a Janairun 1800, na ƙin haɗewar ne. Bai yarda a ba da majalisa a kan fata ba.

Karon farko, a Janairun 1799, Castlereagh ya sha ƙasa. Bayan muhawarar kwana da kwanaki aka kayar da gwamnati da ratar ƙuri'a biyar, mutanen Dublin suka kunna fitilu a tagogi suna murna. Sai ya koma ya zauna da jerin sunayen 'yan majalisa 300, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke riƙe da muƙami ya ƙi haɗewa, a sallame shi, kamar yadda aka yi wa ministan kuɗi Sir John Parnell. Wanda ke son sarauta, a yi masa alkawarinta. Mai son alƙalanci ga ɗansa, ko limanci ga ƙanensa, ko fansho ga matarsa, a rubuta. Wanda kunya ta hana shi juya baki, a lallashe shi ya ajiye kujerar a sa wani. Babban makamin kuwa shi ne diyya: kowane garin da za a soke wakilcinsa, a biya mai shi fam 15,000. Garuruwa 84 abin ya shafa, jimilla fam 1,260,000, kuma baitulmalin Ayalan aka ɗora wa bashin. Diyyar ba ta bambanta mai goyon baya da mai adawa ba, Lord Downshire da ya yaƙi haɗewar har ƙarshe ya karɓi fam 52,500. Takardun da aka gano a shekarun 1990 sun nuna an kuma yi amfani da kuɗin asiri sama da fam 30,000 ta hanyar da doka ba ta yarda ba. Cornwallis, tsohon soja, ya rubuta wa abokinsa cewa yana ƙyamar kansa kowace sa'a saboda ƙazamin aikin da ya sa hannu a ciki. Castlereagh bai nuna irin wannan damuwa ba. A ganinsa majalisar dama kasuwa ce, shi kawai ya zo ya saye rumfunan gaba ɗaya ya rufe kasuwar. Su ma 'yan adawa sun tara asusun sayen ƙuri'a, aljihunsu ne bai kai na gwamnati zurfi ba.

Ranar 15 ga Janairu, 1800, majalisa ta koma zama, aka kwana ana muhawara. Grattan ya bar siyasa tun 1797, ga ciwo ya cinye shi. Cikin daren abokansa suka samar masa kujerar garin Wicklow, mai doki ya taho da takardar a guje. Wajen ƙarfe bakwai na safe sai ga shi a bakin ƙofa, sanye da tsohon kakinsa na 'yan sa-kai na 1782, mutum biyu na riƙe da shi. Bai iya tsayuwa ba, ya nemi izinin yin magana a zaune, ya shafe kusan awa biyu yana yi. Da aka ƙirga, gwamnati na da 138, su suna da 96. A Fabrairu ta sami 158 da 115. Maganar Grattan ta taɓa zukata, amma ƙuri'un an riga an ɗaure su tun kafin ya shigo. Ranar 1 ga Agusta aka sa wa dokar hannu, ta fara aiki 1 ga Janairu, 1801. Ayalan ta sami kujeru 100 a majalisar wakilai ta Landan, masu sarauta 28 da limaman cocin gwamnati 4 a majalisar sama, za ta kuma riƙa biyan kashi 2 cikin 17 na kuɗin tafiyar da ƙasa. Ginin majalisar da ke College Green bankin Ayalan aka sayar wa.

Sai ranar biya. Castlereagh ya tsallaka Landan da shirin buɗe wa 'yan Katolika ƙofar majalisa. Kafin Pitt ya shirya sarki, wani daga cikin ministocinsa, Lord Loughborough, ya riga shi kai labari. Sarki George na Uku ya hau dokin na-ƙi, ya ce rantsuwar da ya yi ranar naɗinsa ta kare cocin Ingila ta hana shi. A wani zaman fada a ƙarshen Janairun 1801 ya tambaya a gaban jama'a, wai mene ne wannan yaron ɗan sarauta ya kwaso daga Ayalan za a jefe shi da shi, ya ƙara da cewa duk wanda ya kawo maganar maƙiyinsa ne. Pitt ya ajiye aiki, Cornwallis ya ajiye, Castlereagh ma ya ajiye. Wannan ya nuna da gaske yake. Amma a nan ne nake kama shi. Ra'ayin sarkin ba sirri ba ne, tun 1795 ya bayyana shi lokacin da aka janye wakilin sarki Lord Fitzwilliam daga Dublin a kan wannan batu. Mutum mai kaifin lissafi irinsa ya kamata ya tabbatar da yardar sarki kafin ya sa limamai su shawo kan mabiyansu. Sannan murabus ɗin bai daɗe ba. A Yulin 1802 ya karɓi kujerar kula da harkokin Indiya a gwamnatin Henry Addington, gwamnatin da aka kafa a kan ƙin wannan haƙƙi. Mutanen Down sun riƙe abin. Da ya koma neman sabunta kujerarsa a 1805 suka kayar da shi, matar marigayi Downshire ce ta ɗauki nauyin abokin takararsa. Sai da gwamnati ta nemo masa ƙananan kujerun Ingila, Boroughbridge sannan Plympton, kafin ya sake cin Down a 1812.

Rayuwarsa ta biyu a Landan ita ce ta sa littattafan diflomasiyya ke girmama shi. Ya yi ministan yaƙi, shi ya dage aka ba Arthur Wellesley, wani ɗan sarautar Ayalan haifaffen Dublin, jagorancin soja a Fotugal, wanda daga baya ya zama Duke na Wellington. Shi kuma ya shirya harin Walcheren a Holan a 1809, inda aka tura sojoji wajen 40,000, zazzaɓi ya kashe kusan 4,000. Cikin wannan ruɗani ya gano ministan harkokin waje George Canning ya daɗe da karɓar alkawarin za a tsige shi Castlereagh ɗin, ana ta zama da shi a tebur ɗaya ba wanda ya gaya masa. Ya aika masa takardar ƙalubale. Da sassafe ranar 21 ga Satumba suka haɗu a filin Putney, kowa da ƙaramar bindiga. Canning bai taɓa harbi ba a rayuwarsa. A harbi na biyu harsashi ya shige shi a cinya, nasa kuma ya tsinke maɓallin rigar Castlereagh. Dukansu suka bar gwamnati.

A 1812 ya dawo a matsayin ministan harkokin waje, kuma bayan an harbe firaminista Spencer Perceval a harabar majalisa cikin Mayu, aka ƙara masa jagorancin majalisar wakilai. Shekara goma yana ɗauke da kaya biyun. Shi ya ɗinke ƙawancen da ya kayar da Napoleon: a yarjejeniyar Chaumont ta Maris 1814, Birtaniya da Rasha da Ostiriya da Prussia kowace ta ɗauki alkawarin soja 150,000, Birtaniya ta ƙara da fam miliyan 5. Da ya dawo gida a Yuni, 'yan majalisa suka miƙe tsaye suna masa tafi. A taron Vienna ya hana a wulaƙanta Faransa, ya kuma taka wa Rasha birki, har ya ƙulla yarjejeniyar sirri da Faransa da Ostiriya a Janairun 1815. Mutumin da ya ga abin da ramuwar gayya ta yi a 1798 ne ke wannan aiki, ni haka nake karanta shi.

Akwai inda aikinsa ya taɓo yankinmu. A 1807 yana cikin waɗanda ba su goyi bayan haramta cinikin bayi ba. Amma da ya zama minista, jama'a suka matsa da takardun koke, shi ya samo sanarwar Vienna ta 8 ga Fabrairu, 1815 da ta la'anci cinikin. Ya biya Sifaniya fam 400,000 a yarjejeniyar 1817, aka kuma amince da binciken jirage da kafa kotunan haɗin gwiwa a Freetown. Cikin dubban da aka sauke daga jiragen bayi aka 'yanta a Saliyo akwai Hausawa.

A zauren majalisa kuwa ba gwanin magana ba ne. Jimlarsa takan yi tsawo ta ɓace masa, ya fara misali da abu ɗaya ya ƙare da wani, 'yan adawa na dariya. Abin da ya riƙe shi shi ne ba ya fushi, ba ya tsoro, ba ya raina ƙaramin ɗan majalisa, kuma yakan zauna har asuba yana amsa tambaya a kan ma'aikatun da ba nasa ba. Firaminista Lord Liverpool da ministan cikin gida Lord Sidmouth duk suna majalisar sama, don haka kowace doka mai ɗaci da bakinsa take fitowa. Jagoran adawar da ke fuskantarsa har 1817 shi ne George Ponsonby, wanda suka kara da shi a Dublin kan haɗewar. Bayan yaƙi aka shiga yunwa da rashin aiki. Shi ya kare dakatar da dokar da ta hana tsare mutum ba tare da gurfanar da shi ba a 1817. Ranar 16 ga Agusta, 1819, mahaya suka afka wa taron mutum wajen 60,000 masu neman ƙuri'a a Manchester, aka kashe sama da goma, ɗaruruwa suka ji rauni. Ya tashi ya kare hukumomin garin, ya kuma gabatar da dokoki shida na taƙaita taro da jarida. Ba ni da uzurin da zan ba shi a nan. Tsoron 1798 ya hana shi bambanta mai neman gyara da mai tawaye, talakan Ingila ya tsane shi kamar yadda na Ayalan ya yi.

Batun Katolika dai bai sake shi ba. Daga 1812 ya sha ba shi ƙuri'arsa a majalisa, har da ƙudurin Grattan na 1813 da na William Plunket na 1821, wanda ya tsallake majalisar wakilai, ta sama ta kashe shi. Amma bai sake sa kujerarsa a kan layi dominsa ba, ya yarda a bar kowane minista da ra'ayinsa. A 1821 mahaifinsa ya rasu, ya gaji sarautar Marquess na Londonderry. Dokar da shi kansa ya tsara ta hana mai sarautar Ayalan wakiltar mazaɓar Ayalan, dole ya bar Down ya koma kujerar Orford a Ingila.

Zaman majalisa na 1822 ya ƙarasa shi. Na kusa da shi suka ga ya canza, yana zargin kowa, yana cewa ana bin sa, ana neman tona masa asiri da wani ƙazafi. Sarki George na Huɗu ya gan shi ranar 9 ga Agusta ya tsorata. Wellington ya gaya masa a fuska cewa hankalinsa ba daidai yake ba, Castlereagh ya rufe fuska ya yi kuka ya ce tunda shi ya faɗa, haka ne. Aka kwashe bindigogi da asake daga gidansa na North Cray a Kent. Da safiyar 12 ga Agusta ya sami wata 'yar wuƙar fiƙe alƙalami da aka manta, ya kashe kansa. Shekararsa 53, bai bar ɗa ba. Ciwo ne ya kama shi, irin wanda likitancin zamanin bai san yadda zai yi da shi ba, kuma abin tausayi ne ko a wurin wanda bai ƙaunace shi ba. Ranar da aka kai gawarsa cocin Westminster wasu daga cikin taron ƙofa suka yi sowa. An binne shi kusa da Pitt, 'yan taku kaɗan daga kabarin Grattan, wanda ya riga shi da shekara biyu.

Bashin 1801 kuwa sai a 1829 aka biya, shekara bakwai bayan mutuwarsa. O'Connell ya tara talakawan Katolika da kuɗin taro na kobo ɗaya a wata, ya tsaya takara a Clare a 1828 ya ci, alhali doka ta hana shi zama. Wellington, wanda a lokacin shi ne firaminista, ya ga in ba a buɗe ƙofa ba za a koma yaƙi, ya tilasta wa sarki ya sa hannu. A tare da wannan doka aka zartar da wata, aka ɗaga sharaɗin ƙuri'a a gundumomin Ayalan daga sule arba'in zuwa fam goma. Masu zaɓe suka faɗo daga sama da 200,000 zuwa ƙasa da 40,000. Cikin waɗanda aka soke har da ƙananan manoman Down, 'ya'ya da jikokin mutanen da suka tsaya a fili a 1790 suka kira sunan Robert Stewart.